Kayan da Kwastan Ba Ya Gani

Jawabin da akawun ƙungiya ya gabatar a taron zagayowar shekara, Aboabo, Tamale



Ranka ya daɗe Shugaba, wakilin Sarkin Zongo, malamanmu da limamanmu, Hajiya Magajiya da sauran iyayenmu mata, dattawan 'yan albasa, 'yan goro, 'yan hatsi da 'yan shanu, direbobinmu da yaran mota, baƙinmu da suka taso daga Boku, Paga, Tachiman da Kumasi, da 'yan'uwanmu da suka tsallako daga Wagadugu da Yamai, ina yi muku barka da zuwa Aboabo. Barkanmu kuma da Allah ya nuna mana zagayowar wannan rana.

Kun saba duk shekara in tashi in karanta muku lissafi: abin da ya shigo, abin da ya fita, wanda ya biya da wanda ake bi. Bana ma'aji ya ɗauke mini wannan, kwamiti kuma ya ɗora mini wata magana, wato maganar allurar rigakafi, musamman ta cututtukan da ke shiga ta hanci da maƙogwaro. Dattawa su gafarce ni, yaro ne zai yi magana a gabanku, amma saƙo aka ba ni.

Dalilin da ya sa aka zaɓi akawu ba wani abu ba ne illa littafin gudummawa, wanda yake hannuna. Duk wanda ya kwanta asibiti, ko aka yi masa rasuwa, ni nake rubuta sunansa da ranar da aka kai masa taimako. Wanda ya juya shafukan littafin nan zai ga daga shigowar hunturu har zuwa zafin bazara rubutun ya fi cunkushewa. Wane yana tari har da jini. Jaririn wance numfashi ya sarƙe. Tsohon wane ciwon haƙarƙari ya kayar da shi. Kuɗin da muke tarawa don a taimaki wanda kayansa suka lalace a hanya, wani kaso nasa a asibiti yake ƙarewa.

Jama'a, mu fatake ne. Abin da muke shigowa da shi garin nan kuwa ba albasa da wake da shanu kaɗai ba ne. Akwai kayan da muke ɗaukowa a maƙogwaro, ba a rubuta su a takarda, kwastan ba ya ganinsu, mai su ma bai san yana ɗauke da su ba. Mura takan yi kwana 1 zuwa 4 a jikin mutum kafin ta nuna kanta. Mashaƙo kwana 2 zuwa 5. Ƙyanda takan kai kwana 10 ko fiye, kuma yaro yana fara yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙuraje su feso. Ƙwayar sanƙarau ta fi su wayo, domin mutum kan zauna da ita a maƙogwaro lafiyarsa lau, yana ciniki, yana dariya, wani na kusa da shi ne za ta kayar. To ku auna da tafiyarmu. Wanda ya bar Wagadugu da asuba, in hanya ta yi kyau, a Tamale zai yi isha'i. Ya kwana a tasha cikin mutane, ya shiga bas an rufe tagogi saboda ƙura, ya sauka ya ɗauki jikansa ya ɗora a cinya. Abin auna zafin jiki da ake haska mana a goshi a boda bai ga kome ba, don lokacin babu abin gani.

Wannan ba yau aka fara ba. A ƙarshen Agusta 1918 wani jirgin ruwa da ya taso daga Saliyo ya kawo babbar murar nan gaɓar tekun ƙasarmu. Ta bi jirgin ƙasa zuwa Kumasi, daga can ta kama turbar fatake ta yo Arewa, kafin shekara ta fita ta shiga garuruwanmu. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe mutum kusan 100,000 a ƙasar nan cikin 'yan watanni, lokacin da jama'ar ƙasar duka ba su wuce miliyan biyu da wani abu ba. A ƙasar Hausa har yau tsofaffi na kiran wannan shekara da shekarar Marisuwa. Alhaji Umaru na Karaci, haifaffen Kano da ya zauna a Salga, sai da ya yi ƙasida a kanta. Kakanninmu da suka bi wannan turba da jakuna da goro ba su da laifi, babu allura a lokacin, babu wanda ya san abin da yake ɗauke da shi. Mu kam ba mu da wannan uzurin.

Ba sai na tuna wa kowa korona ba, amma bari mu yi lissafinta irin na 'yan kasuwa. Ranar 12 ga Maris 2020 aka ce ta shigo Gana. Kwana goma bayan nan aka rufe iyakoki. A ƙarshen watan nan aka tsare wasu matafiya goma a nan Tamale, waɗanda suka biyo ta Burkina da Togo, gwaji ya nuna suna da ita, daga ranar duk wanda aka san yana tsallaka boda sai a riƙa yi masa wani irin kallo a unguwa. Filin jirgin sama na Akara an buɗe shi tun 1 ga Satumba 2020. Mu na ƙasa fa? Sai 28 ga Maris 2022. Shekara biyu cur. Manyan motocin kaya suna wucewa, amma mai buhu biyar, da mai turmin atamfa goma, da matar da ke saro tumatur, su aka bari a baya. Wasu suka koma bin hanyar daji a kan babur, suna biyan kuɗi ninki biyu. Wasu jarinsu ya narke a tukunya, har yau ba su farfaɗo ba, suna cikin rumfar nan suna jina.

Da aka tashi buɗewa, da me aka buɗe? Aka ce wanda ya cika allurarsa ya wuce ba sai ya kawo takardar gwaji ba. Gana ce ƙasar farko a duniya da ta karɓi allurar korona ta shirin COVAX, guda 600,000, ranar 24 ga Fabrairu 2021. Shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya miƙa hannu aka yi masa a idon duniya ranar 1 ga Maris. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da shekarunsa sama da ɗari, shi ma ya karɓa. Duk da haka da yawanmu ba mu nemi allurar nan ba sai da muka ji ba a wucewa Paga sai da kati.

A nan ne maganata take. Mun ɗauki allura a matsayin takardar boda, kamar fasfo ko takardar mota. Abu ne na jami'i, a nuna masa a wuce. Shi ya sa za ka ga mutum ya miƙa wa wani ɗan kamasho 'yan sidi ko 'yan sefa, a kawo masa katin nan mai ruwan ɗorawa, na zazzaɓin shawara, da hatimi da sa hannu, alhali allura ba ta taɓa fatarsa ba. Ba na nuna kowa, amma kowa ya san ana yi. Wane ɗan kasuwa ne a cikinmu zai biya kuɗi a ba shi rasit, ya tafi ya bar buhunan a can? Abin da mai katin jabu ya yi ke nan. Abin takaicin ma, tun Yulin 2016 dokar lafiya ta duniya ta ce allurar shawara guda ɗaya ta isa mutum har ƙarshen rayuwarsa, katin kuma yana fara aiki kwana 10 bayan an yi ta. Sau ɗaya tak. Shawara sauro ke kawo ta, ba numfashi ba, amma na kawo ta ne don ita ce ƙofar da muka koyi wannan ɗabi'a, muka kuma ɗauke ta muka kai kan sauran allurai.

Yanzu in juyo wajen iyayenmu mata, don katin da ya fi muhimmanci a gidan ɗan kasuwa ba a aljihun maigida yake ba, yana ƙarƙashin akwatin uwargida. Ina nufin littafin awo.

Ga yadda tsarin yake a Gana, kuma kyauta ne a asibitin gwamnati. Ranar haihuwa ana yi wa jariri BCG, wadda ke kare shi daga mummunan tarin fuka na ƙuruciya, a ɗiga masa ta shan inna. A sati 6, sati 10 da sati 14 ana yi masa Penta, allura ɗaya mai aiki biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, ciwon sarƙewar haƙora, ciwon hanta, da wata ƙwaya mai kawo wa jarirai ciwon haƙarƙari da sanƙarau. A waɗannan ranaku uku kuma ana yi masa allurar ciwon haƙarƙari, wadda Gana ta shigo da ita a Afrilun 2012. A wata 9 ƙyanda da shawara. A wata 18 ƙyanda ta biyu da sanƙarau. Akwai wasu a tsakani, nas za ta rubuta muku.

Ku lura da lissafin. Penta sau uku ce. Ƙyanda sau biyu. Kamar adashi ne, Hajiya Magajiya ta fi ni sani: wadda ta yi zubi ɗaya ta ɓace ba ta da kwasa. Allurar farko tana nuna wa jiki abokin gaba, ta biyu da ta uku su ne ke sa ya riƙe. Inda gidajenmu ke faɗuwa ke nan. Ta farko kowa yana yi, don jego ne, uwa tana gida, kaka tana tsaye. An yi arba'in, kasuwa ta kira. Uwa ta goya yaro ta nufi Boku ko Sankasi, ranar awo ta same ta a hanya. Ko ta tafi wankan gida Maradi ko Sakkwato, littafin yana Tamale. Ko yaro ya kai shekara ɗaya da rabi, yana gudu a tsakar gida, wa zai tuna da allurar wata 18? Ba ƙiyayya ba ce ke hana yaranmu allura, yawancin lokaci tafiya ce da mantuwa.

Ga abin da ma'aikatan lafiya suke so ku sani. In rana ta wuce, allura ba ta ɓaci ba, ba a komawa farko. Daga inda aka tsaya ake ɗorawa, ko da an yi watanni. Ɗan majina ko ɗan tari ba ya hana a yi wa yaro allura. In an fara a Nijar ko Burkina, ku zo da karnen nan nasu, ko da Faransanci aka rubuta, nas za ta gane abin da aka yi da abin da ya rage. Lokutan ƙasashen sun ɗan bambanta, amma cututtukan da ake tarewa ɗaya ne. In kuma kunyar faɗan nas ce ke hana ki komawa, ki sha faɗan, minti biyu ne. Littafin awo ya shiga jakar tafiya tare da katin shaida da kuɗin mota, kada ya kwana a gida in yaro yana hanya.

Me ke faruwa in aka bar giɓin nan? Ku tambayi 'yan'uwanmu masu zuwa kasuwar Dawanau. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Nijeriya, Kano ce ta fi shan wuya. Dubban yara suka kamu, ɗaruruwa suka rasu, kuma mafi yawansu waɗanda ba a yi musu allura ba ne ko ba a cika musu ba. A 2023 ya tsallaka Matamaye a jihar Damagaram, ya ɓulla a Gini ma. Cuta ce da ke shimfiɗa wata fata mai toka-toka a maƙogwaron yaro, wuya ya kumbura, numfashi ya toshe, dafinta kuma ya sauka zuciya. Da yawanmu ba mu taɓa ganinta ba, har mun zaci labarin da ne. Ba ƙarewa ta yi ba, Penta ce ta tsare ta. Daga Kano zuwa Aboabo kuwa motocinmu ne ke zirga-zirga.

Ba ma sai mun je nesa ba. A farkon 2023 allurar yara ta yanke a Gana, har da ta ƙyanda, iyaye suna zuwa awo ana cewa su dawo. Cikin 'yan makonni ƙyanda ta tashi a nan yankin Arewa, yara sama da ɗari. Wannan karon laifin ba na iyaye ba ne, kuma ya kamata a faɗa a gaban wakilan hukuma da ke zaune tare da mu. Amma abin ya nuna mana yadda baƙon dauro yake laɓe a bakin ƙofa. Yaro mai ƙyanda in ya yi tari a ɗaki ya fita, ƙwayar tana nan a iska har awa 2, kuma cikin yara 10 marasa allura da suka shaƙa, 9 za su kamu. Abin da ke kashe yaro a ƙyanda kuwa galibi ba ƙurajen ba ne, ciwon haƙarƙarin da ke biyo baya ne. Duk yaron da ranarsa ta faɗo cikin wancan lokacin yankewa, ina roƙon uwarsa ta buɗe littafi ta duba ko an cike gurbin.

Sanƙarau kam ba sai an gabatar da shi ga mutumin Arewa ba. Daga Janairu zuwa Afrilu, ƙura da zafi sun busar da hanci da maƙogwaro, mutane sun cunkushe a ɗaki, lokacinsa ke nan. Dattawa suna tune da 1996 da 1997, sa'ad da ya kama mutum fiye da 250,000 a ƙasashen nan namu na bakin Sahara, ya kashe kusan 25,000. A Disamba 2010 aka fara wata sabuwar allura a Burkina, MenAfriVac, ta iso Arewacin Gana a 2012, aka yi wa duk mai shekara 1 zuwa 29. Ni kaina ina cikin layin. Daga 2016 ta shiga cikin awo. Irin sanƙarau ɗin da ake kira A, wanda shi ne ke yi mana babbar ɓarna a da, kusan ya ɓace. Amma sanƙarau dangi ne, akwai C, akwai W, akwai X, akwai kuma wanda ƙwayar ciwon haƙarƙari ke kawowa. Shi ya sa aka sake jin labarinsa a yankin Wa a 2020 da farkon 2025. Kada wani ya ce ai an yi mini a 2012, ya ga zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ya tsaya shan jiƙo. Wannan ciwo awoyi yake ƙirgawa. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da allura mai tare iri biyar a haɗe. Ranar da aka yi shelar irinta a nan, ina fatan 'yan ƙungiyar nan ne za su fara cika layi.

Alhazanmu da hajiyoyinmu sun san wani ɓangare na wannan labari. A hajjin 2000 da 2001 irin W ya bazu cikin mahajjata, suka koma da shi ƙasashensu, a 2002 ya yi ɓarna a Burkina. Tun daga nan Saudiyya ta wajabta allurar sanƙarau mai iri huɗu, a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa, kuma tana da wa'adi, shekara 3 ko 5 gwargwadon irinta. Tun 2016 da aka fara tashi daga filin jirgin Tamale, kowace shekara muna ganin dattawan da ba su yarda da allura ba suna naɗe hannun riga ba gardama. Alhamdu lillahi. Ni tambayata ita ce, abin da muka yarda da shi don Makka, me ya hana mu yarda da shi don jikokinmu?

Manya kuma ina abinmu ya tsaya? A nan zan faɗi abin yadda yake. Allurar mura ta shekara-shekara ba ta cikin waɗanda gwamnati ke rabawa kowa kyauta, a wasu asibitoci masu zaman kansu ake samunta, da kuɗi. Ana sabunta ta duk shekara saboda ƙwayar mura tana sauya kama, ta bara ba lalle ta tare ta bana ba. Saurayi mai jini a jika zai ce mura ce kawai. Amma a ƙarshen 2017 ɗalibai huɗu suka rasu a makarantar Kumasi Academy, cibiyar Noguchi ta gwada ta ce mura ce, irin H1N1, sai da aka kawo allura aka yi wa makarantar. Wanda ya haura shekara 60, da mai ciwon suga, da mai asma, da mai ciwon zuciya, da mai juna biyu, su ne mura da korona suka fi kayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci kan korona a Mayun 2023, amma ba ta ce cutar ta tafi ba. Wanda yake cikin waɗannan da na lissafa, in ya je karɓar maganinsa na wata, ya tambayi likita ko akwai allurar da ta kamace shi. Kuɗinta bai kai asarar buhu ɗaya ba. Masu juna biyu kuma akwai allurar da ake yi musu a awon ciki, ta sarƙewar haƙora haɗe da mashaƙo, ita ma zubi-zubi ce har sau 5, ba a ciki ɗaya ake gamawa ba.

Abu guda da allura ba za ta yi wa babba ba shi ne tarin fuka. BCG ta jarirai ce, tabonta a damtsenka ba ya nufin ka tsira. Direbobinmu da yaran mota, ku nake nufi. Tari ya kai sati 2, ana zufa da dare, ana rama, a daina sayen maganin tari a tasha. Gwajin majina kyauta ne, magani kyauta ne, wata 6 ake sha, kuma ana warkewa. Wanda ya ɓoye, yaron motar da ke kwana tare da shi a gaban mota ne zai fara ɗauka, sannan matarsa.

Na san akwai masu shakka a cikinmu, kuma ba zan raina su ba, domin shakkar tana da tushe. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a Kano. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka daɗe ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar. Wanda ya ji wannan labari ya yi taka-tsantsan, bai yi hauka ba. Amma Trovan magani ne sabo da ake gwadawa, ba allurar rigakafi ba ce. Ku dubi kuma abin da ya biyo baya. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, sai 2004 aka ci gaba. Cikin wannan tsakani cutar ta bi hanyoyinmu ta shiga ƙasashe kusan ashirin, har Gana da ta riga ta rabu da ita. Yaran da suka shanye a lokacin yanzu samari ne da 'yan mata.

Masu cewa allura tana hana haihuwa, amsarsu tana cikin rumfar nan. Tun 1978 ake yi wa yara allura a Gana. Mu 'yan shekara talatin da arba'in duk da tabonta muka girma, ga 'ya'yanmu can suna hana mu jin lasifika. Dattawanmu kuma suna da tabon lamba a hannu, ita ce ta kori agana, har a 1980 aka yi shelar babu ita a duniya. Yau in ka ce wa yaro agana sai ya tambaye ka mece ce. Gaskiya ne allura takan sa wuri ya kumbura, yaro ya yi zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu, ya hana uwa barci. In ya wuce haka, ko aka ga abin da ba a gane ba, a koma asibiti da littafin a hannu. Maganar ƙaddara da tawakkali kuwa na bar wa malamanmu, sun fi ni sanin labarin Sayyidina Umar da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can. Liman ya yi mini alkawarin zai taɓo ta a addu'ar rufewa.

Ranka ya daɗe Shugaba, ga abin da kwamiti ya ce in gabatar, taro ya amince ko ya gyara. Daga wannan wata zan buɗe shafi a bayan littafin ƙungiya, duk ɗan ƙungiya mai yaro ƙasa da shekara 2 in rubuta ranar allurarsa ta gaba. Yadda nake kiran mutum in tuna masa kuɗin wata, haka zan kira in tuna masa awo, kuma maigida zan kira, ba uwargida kaɗai ba, don shi ke ba da kuɗin mota. Muna so Shugaba ya rubuta wa ofishin lafiya na birnin Tamale a roƙi a turo mana ma'aikata tashar Aboabo rana guda kafin shigowar hunturu, su duba littattafan yara, su yi abin da ya rage, su kuma saurari masu tari. Hajiya Magajiya ta yarda a ranar zubin adashi kowace mai goyo ta zo da littafinta. Wanda ke neman katin shawara na gaskiya, ofishin ƙungiya zai nuna masa inda ake yi. Amma wanda aka kama da na jabu a Paga, ko Kulungugu, ko Tatale, kwamiti ya ce kada ya kira ƙungiya, ba za a fitar da ko pesuwa ɗaya daga asusu don wannan ba. Na ga wasu suna gyara zama. A yi haƙuri, ni ɗan aike ne.

Wanda gidansa ke kusa, asibitin Yamma na Zogbeli yana nan, ga na Tsakiya, ga ƙananan asibitocin unguwa. Na Boku da na Paga kuma kowa ya san nasa. Bayan an ci abinci zan zauna a teburin nan na bakin ƙofa da littafi da biro. Wadda ta zo da littafin awo ta kawo mu duba tare, wadda ba ta zo da shi ba ta ba ni sunan yaro da watan haihuwarsa, ranar Litinin ta aiko da shi ofis.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da baƙinmu gida lafiya.